Ɗan Ƙaramin Akwatin Da Ke Tsare Injin Mota Daga Ƙonewa

Daga Wakilinmu na Arewa, Jos

Duk wanda ya san birnin Jos ya san Gada Biyu. A nan ne motocin da suka fito daga wajen barikin soja na Rukuba, da waɗanda suka nufi Farin Gada da hanyar Zariya, da masu gangarawa cikin gari ta wajen Polo suke haɗuwa, ga 'yan kasuwa a bakin titi, ga masu tasi da Keke suna tsayawa ɗaukar fasinja inda suka ga dama. Idan la'asar ta yi ma'aikata suka tashi, sai tafiya ta koma ta hawainiya. To a irin wannan lokaci ne za ka ga an tura wata mota gefe, an ɗaga bonet, tururi yana tashi kamar an buɗe tukunyar dambu, direba kuwa yana neman yaron da zai samo masa ruwa a jarka.

Abin mamaki shi ne Jos gari ne mai sanyi. Mutumin Ikko ko na Sakkwato zai ce ina mota za ta yi zafi a garin da ake kwana da bargo? Amsa ita ce iskar gari ba ta shiga lagireto da kanta in mota na tsaye. Sai an jawo ta, kuma fanka ce mai jawo ta. A yawancin motocin da ke kan titunanmu yanzu fankar nan ta lantarki ce, wadda ba ta tashi sai wani ɗan akwati baƙi, wanda bai fi akwatin ashana girma ba, ya ba ta wuta. Sunansa rile. Ran da ya ƙi aiki, ko ran da wani mai gyara ya ga ya fi sauƙi ya tsallake shi, injin da ya fi shi tsada sau ɗaruruwa ya shiga haɗari.

DAGA FAMBEL ZUWA WAYA

Tsofaffin direbobi ba su san wannan damuwa ba. Peugeot 504 da kamfanin PAN na Kaduna ya yi ta haɗawa bayan buɗe shi a 1975, fambel ne ke juya fankarta daga jikin inji. Ita kuwa Volkswagen ƙirar kunkuru da aka riƙa haɗawa a Ikko, wadda Yarabawa ke kira Ijapa, ba ta da ma lagireto sam, iska ce ke sanyaya ta. Abin da direban wancan zamani yake dubawa da safe shi ne ko fambel ya saki ko ya tsage.

Da Turawa da Japanawa suka koma ƙera ƙananan motoci masu jan gaba, sai suka kwantar da inji a gicciye, ya zamana gefen da fambel yake yana kallon tayar gaba, lagireto kuwa yana kallon hanya. Da wuya fambel ya kai ga fanka. Sai aka ba ta nata ɗan moto na lantarki. Golf ta farko da ta fito a 1974 haka take, kuma haka Golf 3, da Corolla, da Camry, da Honda, da Peugeot 406 suke, watau irin motocin tokunbo da suka cika ƙasar nan ta tashar Apapa da ta Kwatano tun daga shekarun 1990. Aikin da a da yake hannun bakanike ya koma hannun mai wayarin, wanda 'yan gareji ke kira riwaya.

Me ya sa ba za a ja waya daga makulli kai tsaye zuwa fanka a huta ba? Dalili shi ne fanka tana da ci. Fankar ƙaramar mota takan ja wuta tsakanin amfiya 10 zuwa 20 tana cikin gudu, a daidai lokacin tashi kuwa takan fizgi ninki biyu ko uku na hakan na ɗan lokaci. Makullin mota da ƙananan makunnai ba a yi su don irin wannan kaya ba. Kuma zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar da ta ɗauka: in wuta ta ninka sau biyu, zafi sau huɗu yake ninkawa.

Aikin rile ke nan. Kamar ɗan aike yake tsakanin mai gida da ɗan dako. A cikinsa akwai siririyar waya da aka naɗa a kan ƙarfe. In aka ba naɗin nan 'yar wuta kaɗan, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na amfiya guda ba, sai ƙarfen ya zama maganaɗisu, ya jawo wani harshe ya haɗe bakuna biyu masu kauri, babbar wuta ta wuce daga batir zuwa fanka. In aka yanke ƙaramar wutar, sifirin ya mai da harshen wurinsa. Ƙarar "ƙas" da kake ji in ka kasa kunne kusa da akwatin fis, ita ce wannan.

LAMBOBIN DA KE GINDINSA

Mai karatu, in ka zare rile ka juya gindinsa, za ka ga ƙafafu huɗu ko biyar, a mafi yawansu kowace da lambarta: 30, 85, 86, 87, wani kuma da 87a. Lambobin nan ba na ado ba ne. Tsari ne na Jamus mai suna DIN 72552, wanda masu ƙera kayan wutar mota da yawa a duniya suke bi. Wanda ya riƙe su ba mai yi masa rufa-rufa.

Ƙafa mai lamba 30 ita ce mashigar babbar wuta. Waya mai kauri za ta taso daga kan batir mai alamar tarawa, ta bi ta cikin fis, sa'an nan ta zo nan. Fis ɗin kuwa a sa shi kusa da batir iyakar iyawa, domin duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai tsaronta. In ta goge a jikin ƙarfe, sai ta yi ja ta kama da wuta. Ƙafa ta 87 ita ce mafita, daga nan waya mai kauri iri ɗaya za ta tafi ga fanka. Ɗaya wayar fankar a ɗaure ta da noti a jikin mota, wurin da aka kankare fenti da tsatsa, don jikin mota shi ne hanyar da wuta ke bi ta koma batir.

Sauran biyun, 85 da 86, su ne na naɗin. Ana kawo wa 86 wuta daga layin da ba ya samun wuta sai an murɗa makulli, ta cikin ƙaramin fis. Ita kuma 85 sai ta tafi ga makunnin zafi, wanda ake kira fan-suwic, wanda ke ɗaure a jikin lagireto ko kusa da inda ruwa ke fita daga inji. In ruwa ya kai zafin da aka ƙayyade, galibi tsakanin digiri 90 da 95, sai makunnin ya haɗa 85 da jikin mota, rile ya buga, fanka ta tashi. In zafin ya sauka da 'yan digirori sai ya saki. Siririyar waya ta wadatar a wannan ɓangare. Sai dai a lura, akwai rile da ake sa wa diyod a ciki, za ka ga zanensa a jikin murfin. Irin wannan in aka juya 85 da 86 nan take diyod ɗin yake ƙonewa.

Ita 87a ƙafa ce da ke haɗe da 30 lokacin da rile yake hutawa, ta rabu da ita in ya buga. Ga fanka ɗaya ba a bukatarta, a bar ta haka nan, amma kada a bari wata waya ta taɓa ta, don akwai wuta a kanta.

Game da kauri, wayar fanka kada ta gaza milimita 2.5 a ma'aunin kaurin waya, in fankar babba ce a sa mai 4. Kuma ta zama wayar mota mai silli-silli da yawa a ciki. Wayar gida mai ƙarfe ɗaya, wadda wasu ke yankowa daga ragowar aikin gini, girgizar hanya tana karya ta a cikin robarta inda ido ba ya gani. Fis kuma launinsa yana faɗin ƙarfinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Rile na gama-gari an rubuta masa 30 ko 40 a jiki. Wanda ya cire fis da ya ƙone ya naɗa waya ko takardar gwangwanin taba a gurbinsa, ya kori mai gadi ne don ya cika ihu.

Abu na ƙarshe kafin a rufe bonet, a duba inda iskar ta nufa. Moton fanka in aka juya masa wayoyi baya yake juyawa, ya riƙa tura iska gaba tana karo da wadda gudun mota ke kawowa. A ɗora 'yar takarda a gaban lagireto. In ta manne, aiki ya yi. In ta faɗi, a sake duba wayoyi.

MAGANAR "DAIREK"

Yanzu bari mu zo ga abin da ya fi yawa a garejinmu, daga Farin Gada har Bukur, kai har Kano da Ikko ma. Mutum ya sayi tokunbo, tun kafin ya yi mata lamba sai a ba shi shawara biyu: a cire tamostat, a mai da fanka dairek, watau ta riƙa juyawa daga lokacin da aka murɗa makulli har a kashe. Hujjar da ake bayarwa ita ce an yi motar ne don ƙasar ƙanƙara, nan kuwa Afirka ce.

Ba za a ce masu wannan shawara ba su da abin faɗi ko kaɗan ba. Direban da ke lodin Jos zuwa Abuja ya san in fan-suwic ya mutu masa a daji ba mai sayar masa da wani, kuma ya san kayan gyara na jabu sun yi yawa a kasuwa. Fankar da yake jin kukanta kullum ta fi kwantar masa da hankali bisa wadda yake jira ta tashi. A matsayin dabarar isa gida, dairek ba laifi ba ce. A tsofaffin Toyota ma masu ƙirar sun yi tanadin haka da kansu: makunninsu a haɗe yake in ruwa na da sanyi, ya buɗe in ya yi zafi, saboda haka in ka zare filoginsa fanka sai ta tashi ta yi ta gudu. A Honda kuwa akasin haka ne, sai an haɗa bakunan filogin biyu da 'yar waya.

Amma a mai da ita abin dindindin, nan ne nake ganin an yi gyaran gangar Auzinawa. Kamfanonin nan suna sayar da irin motocin a Saudiyya da sauran ƙasashen da suka fi Maiduguri zafi, da tamostat ɗinsu da rilensu. An ƙera inji ne ya yi aiki da ruwa mai zafin kusan digiri 90. Tamostat shi ne ƙofar da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya ɗumama. In aka cire shi, aka kuma bar fanka tana busawa, to a safiyar hunturu ta Jos, lokacin da sanyi kan sauka kusan digiri 10 a watan Disamba da Janairu, inji zai yi tafiya mai nisa bai kai zafinsa ba. Kwamfutar motar, wadda kanikawa ke kira biren-bos, tana ganin inji da sanyi sai ta ƙara masa fetur, kamar yadda ake jan cok a tsofaffin motoci. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, yana kuma sa fulogi yin baƙi. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, ba na jin akwai mai tasi a Gada Biyu da ke da fetur ɗin zubarwa.

Ita kanta fankar ba kyauta take juyawa ba. Amfiya 15 a kan bolt 14 ya haura wat 200, kuma altaneta daga ƙarfin inji take samo shi. A kan buɗaɗɗiyar hanya, mota na gudun kilomita 80, iskar da ke shiga ta gaba ta ishi lagireto, fanka aikin banza take yi. Gawayin da ke cikin motonta yana cinyewa da yawan juyi, saboda haka fankar da ya kamata ta yi shekaru sai ta gaji da wuri. Kuma ba ta sanarwa. Direban da ya saba cewa fankarsa dairek ce ya daina duban allurar zafi, sai ya ji ƙauri.

Mafi muni shi ne yadda ake yin dairek ɗin. Mai gyara na kirki yakan bar rile a wurinsa, ya haɗa ƙafa ta 85 da jikin mota kawai, babbar wuta ta ci gaba da bin hanyarta ta cikin fis. Mai gaggawa kuwa sai ya feɗe wata waya a bayan makulli ko a akwatin fis, ya murɗa wayar fanka a kai, ya naɗe da salatif. Duk amfiyoyin nan sai su koma bi ta cikin makulli. Da farko makullin zai riƙa ɗumi, daga baya roba ta narke, mota ta fara mutuwa a kan hanya ba dalili. Wani lokaci kuwa hayaƙi ne zai fito ta ƙarƙashin sitiyari.

TUDUN JOS DA HAWAN KIBO

Akwai wani abu da ya shafi Jos musamman wanda ban cika jin ana ambata a gareji ba. Garin yana bisa tudu mai tsawon kusan mita 1,200, watau wajen ƙafa 4,000 daga bakin teku. Iya hawanka iya raguwar nauyin iska, ruwa kuma ya riƙa tafasa da wuri. A Ikko ruwa yana tafasa a digiri 100. A Jos kusan 96 ne.

To duba. Makunnin fankar wasu motoci, irin su Golf 3, ba ya bugawa sai ruwa ya kai wajen 95. Abin da ke ba da rata shi ne murfin lagireto, wanda ke matse ruwan, lambar 0.9 ko 1.1 da ke rubuce a kansa ita ce ƙarfin matsin. Da murfi mai lafiya, ko a Jos ruwa ba zai tafasa ba sai ya haura 115. Amma in robar murfin ta mutu, ko an toshe bakin da leda da tsumma kamar yadda ake gani a wasu motocin haya, kuma ruwan rijiya ne zalla a ciki, to tsakanin tashin fanka da tafasar ruwa bai fi digiri ɗaya ko biyu ba. Sai mota ta yi ta amai, a ce ai rile ne ba ya tashi da wuri, a yanke shi a yi dairek, alhali murfi ne mai laifi. Motar da ta zo lafiya daga Kudu da mataccen murfi tana iya fara wannan hali da ta hau tudu.

Hawan kuwa ba wasa ba ne. Wanda ya taso daga Akwanga sai ya bi ta Hawan Kibo, a ƙaramar hukumar Riyom, kafin ya shigo Jos. Mota cike da fasinja da kaya, tana ƙaramin giya, inji yana kuka, gudu kaɗan, in an yi rashin sa'a ma tana bayan tirela. Zafi ya yi yawa, iskar gaba ta yi kaɗan. A nan fanka take biyan kuɗinta, kuma a nan ne waya maras kauri ko rile na jabu yake tona asirin wanda ya sa shi. In ruwa ya ƙare allura ta kai ja, kan silinda na alminiyam yakan lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Daga nan sai sauke inji, mai mota ya yi kwanaki ba ya kawo kuɗin cefane, ko kuma a shiga neman wani injin daga Ladipo ta Ikko ko Nnewi.

MAI FANKA BIYU

Motoci masu iyakwandishan da yawa fanka biyu gare su, kuma a wasu Peugeot da Toyota rile uku ne ke tafiyar da su. Dabarar tana da kyau. In zafi kaɗan ne, ko an kunna sanyi, sai a jera fankokin a layi ɗaya, wuta ta ratsa ta farko ta shiga ta biyu, su raba bolt 12 kowace ta sami 6, su juya a hankali ba ƙara. In zafi ya ƙaru sai sauran rile su buga, kowace fanka ta sami nata bolt 12 cikakke. Rilen tsakiya, mai ƙafa biyar, shi ne mai sauya layin, kuma a nan ne 87a take aiki.

Nan ne ake yawan yin kuskure wajen saye. Akwai wani rile mai ƙafa biyar wanda a ido ba shi da bambanci, amma ƙafarsa ta tsakiya 87 ce ta biyu, ba 87a ba. An yi shi ne don fitilu biyu ko ham biyu. In aka cusa shi a gurbin mai sauya layi, ƙaramin gudu ya tafi, wani lokaci ma fis ya riƙa ƙonewa. A karanta zanen da ke jikin murfi kafin a biya kuɗi. Haka kuma in ɗaya daga cikin fankokin ta mutu, ƙaramin gudu yakan ɗauke wa duka biyun, tun da layi ɗaya suke, sai mai gyara ya yi ta canza rile a banza.

Gwajin kuwa ba shi da wuya, direba ma zai iya tsayawa a kai ya ga an yi. A fara da fis. In yana da rai, a zare rile a haɗa ramin 30 da na 87 da gajeriyar waya mai kauri. Fanka ta tashi? To ita da wayarta lafiya suke, laifin yana ga rile ko ɓangaren makunni. A ari rilen ham, in irinsu ɗaya ne, a gwada. Kada a yarda da ƙarar "ƙas" kaɗai, don rile yana iya bugawa alhali bakunansa sun ƙone ba sa wuce da wuta. In sabon rile ma bai buga ba bayan inji ya yi zafi, sai a koma ga fan-suwic da wayarsa.

Sababbin motoci sun sake salo. A wasu, kwamfuta ce ke karanta zafin ruwa ta ba rile umurni, babu fan-suwic dabam. A wasu ma akwai wani akwatin lantarki a jikin fankar da ke ƙara mata gudu ko rage shi a hankali. Irin waɗannan ba a shigar musu da waya da ka, sai da na'urar bincike da zanen wayarin motar. Kuma a tuna, a motoci da dama, ciki har da Volkswagen, fanka tana samun wuta daga batir ko an zare makulli, tana iya tashi da kanta mintuna bayan an kashe inji. Yaran gareji da masu ba da ruwa a bakin titi su ne suka fi sa hannu a wurin. Kafin a taɓa fanka a cire kan batir mai alamar ɗebewa, murfin lagireto kuwa kada a buɗe shi sai babban tiyo na sama ya huce har ana iya matsa shi da hannu.